Bakan Gizon Eli Sanda

Hulme, Manchester
14 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga Baba Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Zinatu da yara da jikoki. Ya sanyin da ya fara shigowa? Ni ma lafiya ƙalau, sai 'yar mura da ta ƙi sakina.

Na san za ka ce wace ce wannan. Ni ce Ruƙayyatu 'yar Habu, jikar Hajiya Turai ta Zariya, wadda kuke 'ya'yan wa da ƙane. Ita ta ba ni adireshinka, ta ce kada in wahalar da kaina da waya, kunnenka ya yi nauyi, email kuma ba ka buɗewa. Shekarata biyu ke nan a Manchester ina PhD a fannin gine-gine, kuma kunya ta ishe ni da ban neme ka ba sai da buƙata ta taso. A yafe min.

Abokiyar zamana a flat, Kaneng, 'yar Jos ce. Watan jiya ta ja ni rakiya Birmingham, wajen taron tsofaffin ɗaliban wata kwalejin horon malamai da yayarta ta yi, can gefenku, bas ɗaya daga Handsworth. Suna ta hirarsu, ni kuwa ruwan sama ya kore ni na faɗa cocin kwalejin don in fake.

Ginin jan bulo ne, an aza harsashinsa a 1884, zamanin da kwalejin ke horar da 'yan mishan masu zuwa ƙasashenmu. Tagogi dogaye masu tsini, gilasai masu launi, in ban da ɗaya ta gabas da take fara sol, wai bom ne ya fasa ta asali lokacin yaƙin duniya. Bencinan duk ɗalibai sun ƙwaƙule su da sunayensu. A tsakiya bokitai ne a jere suna tarar yoyo, don tun da aka zabtare wa kwalejin kuɗi aka sallami mai kula da wurin.

Daga hagu akwai wata 'yar ƙofa. Na tura na shiga, na ɗaga kai. Baba Alhaji, rufin bakan gizo ne. Irin namu. Bakuna shida sun taso daga ƙasa-ƙasan bango, sun lanƙwaso sun haɗu a sama, kamar soron Malam Sanda na gidanmu na Zariya, sai dai da siminti aka yi maimakon azara da laka. A mahaɗarsu, inda maginanmu ke kafa tasa, an kafa farantin tangaran na Turawa mai zanen furanni. A ƙarƙashin taga an ja dagi da yatsa tun simintin yana ɗanye, a gefensa an rubuta: Eli Sanda, magini, Zaria, 1952.

Wane ne wannan? Mu ne gidan magina, kuma Sanda sunan kakanku ne. Ko ka taɓa jin labarinsa? Na riga na shawo kan supervisor ɗina, malamin da ke duba aikina, na mayar da bincikena kan ɗakin nan, kuma lokaci ya ƙure, don kwalejin na shirin sayar da wurin ga wani kamfani da zai gina flats na ɗalibai.

Taka jika,
Ruƙayyatu Habu

*

Handsworth, Birmingham
2 ga Nuwamba, 2012

Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, duk muna lafiya, sai gwiwa da ke damuna. Hajiya na amsawa. Ashe ina da amarya a Manchester shekara biyu ban sani ba? To ni ba na son matar da sai tana neman abu take gaishe ni. Ki zo ki ci tuwo, mu ga ko kin kai a ajiye.

Maganar da kika kawo kuma, masu suna Sanda a Zariya sun fi a ƙirga. Ba mu da Eli a danginmu, ba mu taɓa yi ba. Turawan mishan sun kwaso mutane daga ko'ina, kowa ya zo ya ce shi ɗan Zariya ne.

Ga shawara, tunda ban da ita ba abin da tsoho ke da shi. Gwamnatin jiharku ba ta turo ki nan ki riƙa auna coci ba. Masallatai sun cika garin nan, wasu tsofaffin masaƙu ne, wasu gidajen giya ne aka musuluntar, ki zaɓi ɗaya ki rubuta a kai. Shekara arba'in ina aikin injiniyan gini a Birmingham, na ga an rushe abin da ya fi wannan kyau, ba wanda ya fasa cin abincin darensa.

Ki sha zuma da citta saboda murar.

Halliru

*

Hulme
9 ga Disamba, 2012

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mura ta tafi, na gode da magani.

Ban bi shawararka ba, ka yi haƙuri. Na kira Hajiya Turai na karanta mata sunan. Sai ta ce, "Ali ne. Autan Malam Sanda. Baban Halliru." Na ce, "Hajiya, ba cewa ake yi ya rasu a hanyar Makka ba?" Ta ce, "Haka aka ce a ce." Ta ba ni labarin yadda ya je yi wa 'yan mishan ginin ɗakin shan magani a bayan gari, ya shiga addininsu, ya bi wani Bature zuwa Ingila kana ɗan shekara huɗu, aka yi masa sadakar uku da ta bakwai alhali yana raye.

Wallahi kuka na yi, amma na murna. Ka duba fa, jininmu ne ya tayar da soron Zariya a tsakiyar Birmingham!

Na gane dalilin da ya sa ka ɓoye, amma zamani ya wuce wannan. Ka ji abin da na samo. Akwai wata tsohuwa, Mrs Pritchard, ita ke shugabantar ƙungiyar masu neman a bar cocin, kuma mahaifinta ne shugaban kwalejin a wancan lokacin. Ta ce lebura aka ɗauki Eli, yana gyaran katanga. Ɗaliban Afirka suka yi ƙorafin babban cocin ya yi musu sanyi da faɗi, shi ne ya roƙi a bar shi ya gina musu ƙaramin ɗaki. Bai san siminti sosai ba. Na farko da ya ɗora ya rufto, Turawa suka yi ta dariya, ya kwashe ya sake. Bazara biyu ya yi yana aikin, yawanci shi kaɗai. A nan kwalejin ya ci gaba da zama har ya rasu a 1969.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, kamfanin na cewa ginin ya lalace, ƙungiyar kuma ba ta da halin ɗaukar injiniya. Na ce musu ina da kaka wanda duk garin aka san sa hannunsa. Za ka duba mana? Na biyu, za a yi babban taro a ƙarshen Janairu, an ba ni dama in yi magana. Ina so in faɗi cewa ɗan maginin yana nan Handsworth da ransa. Wannan kaɗai zai iya juya mutane. In ban ji daga gare ka ba zan ɗauka ba ka da ja.

Taka,
Ruƙayyatu

*

Hulme
5 ga Fabrairu, 2013

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Na kira gidan sau biyu ba a ɗauka ba. Kaneng ta ce ƙila kun tafi gida hutu.

An yi taron, kuma da ka ga wurin! A cikin cocin aka yi, mutane da rigunan sanyi a jikinsu saboda an kashe na'urar dumama ɗaki tun bara. Na nuna hotunan soronmu na Zariya kusa da na ɗakin, na bayyana musu yadda magini ke ɗora azara kan azara har baka ya haɗu, da yadda Eli ya kwaikwayi haka da rodi. Daga nan na ce, "Wannan mutum ya bar ɗa ɗan shekara huɗu a Zariya. Yaron ya girma ya zama injiniya, yana nan garin, sunansa Halliru Ali." Wata mata ta fashe da kuka. Aka yi ta tafi. Jaridar unguwa ta buga labarin da sunanka, ga shi na yanko na sako maka. Sun yi kuskure sun ce Eli fasto ne, na rubuta musu su gyara.

Babban albishir shi ne, kwalejin da kamfanin sun yarda, gaban jama'a, cewa in kai ka duba ginin za su karɓi duk abin da ka rubuta. Mu ma mun sa hannu a kan haka. Yanzu komai na hannunka.

Don Allah ko layi biyu ne.

Taka,
Ruƙayyatu

*

Handsworth
11 ga Maris, 2013

Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Ba inda muka je. Muna nan lafiya. Takardunki biyu sun iso a kan lokaci.

Jaridar da kika yanko, da kin huta. Na riga na gan ta. Kowa ya gani.

Zan je in duba ginin. Zan ba shi haƙƙinsa, ba ragi ba ƙari. Ki ce a bar min mukulli wajen mai gadi ranar Talata ta sama. Ba na son kowa a wurin, har ke.

Halliru

*

Hulme
14 ga Maris, 2013

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma! Takardarka na karanta a cikin bas a Wilmslow Road, na yi ihu har direba ya leƙo ni ta madubi. "Zan ba shi haƙƙinsa." Na fassara wa Mrs Pritchard a waya, ta ce shekara sittin ke nan ginin na jiran wanda zai faɗi haka.

Mukulli na wajen mai gadi. Na fahimci dalilin da ya sa kake so ka shiga kai kaɗai, ni ma da ni ce haka zan so. Ka tafi da tocila, fitilun ɗakin sun mutu. In ka gama ka tsaya a tsakiya ka yi magana a hankali, za ka ji yadda murya ke dawowa. A gaida Hajiya.

Taka,
Ruƙayyatu

*

Hulme
20 ga Mayu, 2013

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba na iya cin abinci.

Jiya aka turo mana rahotonka. Na karanta shi, na koma na sake, ina neman shafin da ya ɓace. Ka ce biyu daga cikin bakunan sun tsage. Ka ce ruwa ya shiga, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura. Ka ce wanda ya gina bai bar isasshen siminti a kan ƙarfen ba, aikin wanda bai san kayan aikinsa ba ne. Ka ce haɗari ne ga rayuka, a rufe nan take. Shi ke nan. Ina sashen gyara? Kowane rahoto irin wannan yana da sashen gyara, ni ɗaliba ma na san haka.

Na kai wa wani malaminmu a uni ya duba. Ya ce duk abin da ka lissafa ana gyara shi a wata biyu, an ceto waɗanda suka fi shi lalacewa. Ya tambaye ni, "Wannan injiniyan, kamfanin ne ya kawo shi?" Alhali ni ce na kawo ka.

Mun riga mun sa hannu, ba mu da bakin ɗaukaka ƙara. Masu duba kayan tarihi da suka yi alkawarin zuwa sun ce tunda ga abin da ɗan maginin da kansa ya rubuta, ba sai sun zo ba. Mrs Pritchard ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Na ɗauka kin san shi."

Ka ce za ka ba shi haƙƙinsa. Da ka ce min a'a tun farko ai da mun nemi wani. Me ginin ya yi maka? Ubanka ne fa.

Ruƙayyatu

*

Handsworth
6 ga Yuni, 2013

Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki ci abinci, ba a kanki aka fara faɗuwa ba.

Ki nuna min layi ɗaya na ƙarya a rahoton nan in janye shi gobe. Tsagar tana nan, tsatsar tana nan, na sa yatsana a ciki. An tambaye ni halin da ginin ke ciki, na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni yadda za a cece shi.

Kin ce ubana ne. Bari in gaya miki abin da Turai ba ta gaya miki ba, tunda ita gidansu da uba ta tashi. Da ya tafi, alƙali ya raba auren. Uwata Khadijatu ba wanda ya sake nemanta, dakau ta yi ta yi a gidajen mutane har hannunta ya kanannaɗe. Ni kuwa a gidan Malam Sanda, wannan soron da kike nuna wa Turawa a majigi, ba a bari in taka laka tare da 'yan'uwana, wai kada albarkar ginin ta gudu. A makarantar allo sunana Ɗan Masihu. Duk wannan yana faruwa a shekarun da shi yake nan yana lanƙwasa rodi don kada ɗaliban Afirka su ji sanyi.

Kin ɗauka haɗuwar sa'a ce ta kawo ni Birmingham? Na yi karatu kamar zan mutu don in zo in tsaya a gabansa. Na iso a 1971. Mai gadin ƙofar kwalejin ya ce ya rasu shekara biyu da suka wuce, mutumin kirki, kowa na sonsa. Na ce ni ɗansa ne. Ya ce, "A'a, Eli ba shi da iyali. Da yana da su ai da ya faɗa." Na juya. Ban sake bin titin ba sai ranar da kika aike ni.

A garin nan na gina sunana daga ƙasa. Ni ne shugaban kwamitin masallacinmu tun kafin a haife ki, in liman ba ya nan ni ake turawa gaba. Juma'ar da jaridarki ta fito, wani ya manna ta a allon sanarwa kusa da wurin ajiye takalma. Ba wanda ya ce min komai. Da aka tayar da La'asar liman ba ya nan, sai na ga an kama hannun wani yaro sa'an ɗana an tura shi gaba. Da yamma jikana ya shigo yana tambayata da Turancinsu na nan, wai da gaske ne babana fasto ne, yara na faɗa a islamiyya. Hajiya Zinatu shekara talatin da takwas muna tare, a jarida ta sani.

Kin ce in ban amsa ba kin ɗauka na yarda. Wa ya koya miki haka? Ke kin zo da ma'auni da kamara, kin tsinci babi mai daɗi na digirinki, aka tafa miki. Ni ne kika yanka aka tafa.

Na shiga ɗakin, na yi aikina, na fito. Ban tsaya a tsakiya na yi magana ba, ba ni da abin faɗa.

Na kuma rubuta wa Habu na sanar da shi inda 'yarsa ke wuni da waɗanda take wuni da su. Shi ma ban yi masa ƙarya ba.

Halliru

*

Hulme
22 ga Satumba, 2013

Alhaji Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. Tawa ni kaɗai na yi a ɗaki. Babana bai ɗauki wayata ba tun kafin azumi. Iyayen Ja'afaru, wanda aka sa mana rana a Disamba, sun aiko a ɗaga bikin sai sun yi bincike. A unguwarmu ana cewa an gan ni da gicciye a wuya. Takardarka ta yi aikin da ka aike ta.

Ba don wannan na rubuto ba. Na ga ya kamata wani daga cikin dangi ya gaya maka an rushe ginin.

Makon jiya ne. An riga an kwashe gilasan tagogin an sayar, bencinan kuma wani gidan cin abinci ya saya. Muna tsaye bayan shingen ƙarfe, ni da Kaneng da Mrs Pritchard da wasu tsofaffi da ba su kai goma ba, ana yayyafi. Babban cocin suka fara ci. Da suka zo kan ƙaramin ɗakin, injin ya ɗaga haƙoransa ya dafa rufin daga sama. Bangon gaba ya fara zubewa, sai ga bakunan a fili, farare, duk mai wucewa a bas yana ganinsu. Injin ya sake dafawa, suka durƙushe. Farantin ya faɗo ya tarwatse. Na roƙi shugaban ma'aikatan ya bar ni in ɗauki guntun da sunan ke jiki, ya ce dokar tsaro ta hana, komai niƙe shi za a yi a zuba a ƙarƙashin wurin ajiye motoci.

Supervisor ɗina ya ce kada in damu, yanzu ma aikina ya fi daraja, tunda awona da hotunana su kaɗai suka rage a duniya. Zan sa rahotonka a ƙarshen littafin yadda yake, da sa hannunka, bayan babin mahaifinka. Ba sai na nemi izini ba, takardar jama'a ce.

Da za mu rabu Mrs Pritchard ta ciro wani hoto daga jakarta ta ba ni, ta ce ba ta son ta ƙara ganinsa. Mahaifinka ne, a ƙofar ɗakin, ranar da aka buɗe. Goshinku ɗaya. Yana nan a kan teburina.

Ruƙayyatu

*

Handsworth
19 ga Oktoba, 2013

Ruƙayyatu,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah. Kada ki ga rubutun ya karkace, hannun ne. Na ɗan faɗi a banɗaki, na kwana biyu a asibiti, likitana, GP, ya ƙara min maganin hawan jini. Na sauka daga kwamitin masallaci. Hajiya tana wajen 'yarta a Leicester tun bayan azumi.

Maganar Habu, na yi zafi. In kina so zan sake rubuta masa.

Hoton da kika ce. Ni ban san fuskarsa ba. A gidanmu ba a ajiye ba, kuma ina ƙarami ya tafi. Abin da na riƙe kawai ƙafafunsa ne, da busasshiyar laka har ƙauri, yana wankewa a bakin rijiya ina zuba masa ruwa. Na sha ƙoƙarin ɗaga kai a cikin tunanin nan, ba ya ɗaguwa.

Ba na cewa ki ba ni. Ki kai shago a wanke min ɗaya, ko ƙarami ne. In ma ba za ki iya ba, ki faɗa min yadda yake a ciki. Ya rame? Yana cikin damuwa? Mutumin da ya bar ɗansa, ai dole a ga wani abu a fuskarsa.

Kakanki,
Halliru

*

Hulme
3 ga Nuwamba, 2013

Alhaji Halliru,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka wahalar da hannunka wajen rubuta wa babana. Iyayen Ja'afaru sun karɓi kayansu ranar Laraba.

Hoton zai fito a littafina shekara mai zuwa. Za a ajiye shi a laburaren uni, kowa na iya zuwa ya nema.

Amma ka yi tambaya, zan amsa.

Bai rame ba. Ƙato ne, ya fi duk Turawan da ke wurin tsawo, yana sanye da kwat da ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Na sa gilashin ƙara girma na bi fuskar tun daga goshi har haɓa, don ni ma na so in ga abin da kake nema. Babu.

Dariya yake yi, har ana ganin wushiryarsa. Ya ɗora Mrs Pritchard a wuyansa, ta riƙe kunnuwansa da hannu biyu, shi kuma ya riƙe mata ƙafafu kada ta faɗi. Ta ce kullum da yamma in ya tashi daga aiki haka yake zagaya filin kwalejin da ita, yana yi mata waƙa da Hausa. Na tambaye ta shekararta nawa a hoton. Ta ce shida. Sa'arka ce, kai ma a lokacin shekararka shida.

Ruƙayyatu Habu